Cajin Banki da Haƙƙin Mai Ƙaramin Ƙarfi: Nazari Daga Unguwar Mu'azu, Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi kuɗaɗen da bankunan Nijeriya ke cira daga asusun abokan hulɗarsu, da yadda nauyinsu ke sauka a kan masu ƙaramin ƙarfi, ta hanyar ɗaukar Unguwar Mu'azu a matsayin madubi. Hujjar maƙalar ita ce, caji na bai-ɗaya ya fi cin talaka, kuma a tsarin cajin ne ake gane ko banki ya sauke nauyin al'umma da ke wuyansa.

1.0 Gabatarwa

Unguwar Mu'azu tana cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, kusa da Tudun Wada da Kabala ta Yamma. Tun da manyan masaƙun Kakuri suka durƙushe, KTL a 2002 sannan UNTL a 2007, unguwannin wannan yanki suka ƙara dogara da ƙananan sana'o'i: ɗinki, kanikanci, tuƙin Keke Napep, sayar da abinci da tireda. Mai irin wannan sana'a kuɗinsa kullum ne, ƙanana ne, kuma ba sa kwana. Galibin manyan rassan bankuna suna tsakiyar gari, a titin Ahmadu Bello da titin Yakubu Gowon. Ga mazauna unguwa da yawa, bankin yau da kullum shi ne rumfar mai POS da wayar da ke aljihu.

2.0 Abin da Ake Cira

Ƙa'idar caji da Babban Bankin Nijeriya ya fitar, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020, ta ƙayyade kuɗin tura kuɗi gida uku: naira 10 ga abin da bai wuce naira 5,000 ba, naira 25 daga nan zuwa 50,000, sai naira 50 ga abin da ya haura. A kan kowanne akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, shi ya sa alat ya riƙa nuna naira 10.75. Ƙa'idar ta sa sabon kati naira 1,000, kula da shi a asusun ajiya naira 50 duk wata uku. A Maris 2021 aka ƙara naira 6.98 a kan hulɗa ta lambobin USSD, hanyar da mai ƙaramar waya marar intanet ba shi da wata sai ita. Daga 1 ga Maris, 2025 aka soke damar cirar kuɗi sau uku kyauta a na'urar ATM ta wani banki, aka sa naira 100 a kan kowace naira 20,000 ko ƙasa da haka. A Mayun shekarar ne kuma bankuna suka ɗaga kuɗin saƙon alat daga naira 4 zuwa 6.

Adalci ne a faɗi cewa ba duka ke shiga aljihun banki ba. Naira 50 da ake cira a kan tura naira 10,000 zuwa sama harajin gwamnati ne, haka ma VAT, kuɗin USSD kuwa na kamfanonin sadarwa ne. A nan kam banki ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai mai asusu bai san wannan rabe-rabe ba. Abin da ya sani shi ne ya ajiye kuɗi ya tarar sun ragu.

3.0 Yadda Cajin Bai-ɗaya ke Cin Talaka

Lissafin mai sauƙi ne, a farashin 2025. Wanda ya tura naira 500 ya biya 10.75, ya biya fiye da kashi 2 cikin ɗari na kuɗinsa. Wanda ya tura miliyan ɗaya ya biya 53.75, abin da ya biya bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma ba. Haka abin yake a ATM: naira 100 a kan 20,000 rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, amma a kan naira 2,000 na cefane kashi 5 ne cur. Ke nan, gwargwadon ƙanƙantar kuɗin mutum, gwargwadon tsadar bankinsa.

A ƙaddara tela ne a Unguwar Mu'azu, a farashin 2025. A wata guda ya tura ƙananan kuɗi sau goma ta USSD don sayen zare da shafi, naira 177 ke nan. Ya ciri kuɗi sau huɗu a ATM na wani banki, naira 400. Alat talatin sun ci 180, an turo masa kuɗin ɗinki masu ɗan kauri sau biyu an cire 100, ga kason kuɗin kati kimanin 17. Jimla ta doshi naira 900. Ga mai karɓar mafi ƙarancin albashin Jihar Kaduna na naira 72,000, wannan ya ɗara kashi 1 cikin ɗari. Ga wanda ribarsa a wata ba ta wuce 30,000 ba, ya kusa kashi 3. Ba a ma sa ladan mai POS ba.

Akwai wani sharaɗi a ƙa'idar da ba a cika magana a kansa ba. Mai asusun ajiya da ya ciri kuɗi fiye da sau huɗu a wata ya rasa ribar ajiyar wannan watan. Mai hannu baka hannu ƙwarya ba ya iya haƙurin cira huɗu, don haka banki ya juya kuɗinsa kyauta, sannan ya caje shi. (Ga Musulmi da yawa da ke ƙin kuɗin ruwa, ribar ba ta cikin lissafinsu tun asali, wanda ke nufin ajiyarsu ta fi kowace arha ga banki.) Ba abin mamaki ba ne idan mace mai sayar da ƙosai ta fifita adashi, inda ta san kwasarta tun ranar zubi.

Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 da Godwin Emefiele ya sanar a Oktoba 2022, ya tura dubban mutane cikin tsarin ba da zaɓinsu ba, ladan POS ya ninka sau da dama. Jihar Kaduna tana cikin jihohi uku, tare da Kogi da Zamfara, da suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, 2023. Tun daga lokacin, mai shayi ma taransifa yake karɓa. Abin da ya zama dole ga rayuwa, bai kamata a yi masa farashi kamar kayan marmari ba.

4.0 Ina Nauyin Al'umma Yake?

A 2012, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, bankunan ƙasar suka amince da ƙa'idoji tara na banki mai ɗorewa, ta biyar a cikinsu ita ce shigar da waɗanda aka bari a baya cikin harkar kuɗi. A shekarar ne aka sa burin rage waɗanda ba su da wata hulɗar kuɗi daga kashi 46.3 zuwa kashi 20 kafin 2020. Ba a cim ma burin ba. Binciken EFInA na 2023 ya nuna kashi 26, kuma Arewa maso Yamma na cikin yankunan da suka fi yawan waɗanda ke waje. An fi mayar da hankali ga ƙidaya asusun da aka buɗe, alhali tambayar da ta fi muhimmanci ita ce nawa ne suka ci gaba da aiki bayan mai shi ya ga alat na cire-cire.

Bankuna kan nuna gudummawarsu ta gyaran ajujuwa da ɗaukar nauyin gasa da rabon kayan azumi. Duk alheri ne, amma kyauta ce ta ganin dama, kuma ba ta isa ga telan da ake yanka kowane wata. Wasu ƙasashe sun bi ta kan cajin kansa: Afirka ta Kudu ta ƙirƙiro asusun Mzansi mai rahusa a 2004, Indiya ta buɗe shirin Jan Dhan marar sharaɗin ajiya a 2014, manyan bankunan Birtaniya suka fara ba da asusun farko marar caji a Janairu 2016. Nijeriya tana da tubalin yin haka, domin tun 2013 Babban Banki ya kasa asusu mataki uku, na farkon don masu ƙaramar hulɗa. Abin da ya rage shi ne a ɗaure caji da matakin: a yafe kuɗin tura abin da bai kai naira 5,000 ba, a mayar da cira kyauta a ATM ga wannan rukuni, a kuma rubuta bayanin caji da Hausa.

Hujjar bankuna ita ce tsadar dizal da na'urori da tsaro, kuma gaskiya ce. Amma OPay da PalmPay da Moniepoint sun mamaye shagunan unguwanni da arhar taransifa, abin da ke nuna akwai sararin ragi. A Yunin 2020 ma, da jama'a suka yi ca a kan bankin Access saboda cire harajin hatimi na watanni uku a lokaci guda, bankin ya mayar da kuɗin ya ɗauki nauyin biya. Waɗanda suka tilasta masa masu Twitter ne da Turanci a baki. Ƙa'ida ta ba kowane mai asusu damar kai koke Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki idan bankinsa bai warware matsalar cikin mako biyu ba, sai dai kuɗin Keke daga Unguwar Mu'azu zuwa reshe ya fi naira 50 ɗin da za a je nema.