Adireshin Na'ura: Dalilin da Intanet Kan Tsaya a Gida

A wani gida da ke Ƙofar Na'isa, a cikin birnin Kano, ɗalibi ya zauna zai duba sakamakon jarrabawarsa ta WAEC. Wayarsa ta nuna ta haɗu da Wi-Fi, akwai wuta, akwai data, amma shafi ya ƙi buɗewa. Mafi yawan mutane nan take za su ce "babu sabis", wasu su ƙara sayen data, wasu kuma su ɗauki na'ura sai wajen mai gyara. Sau da yawa wannan asarar kuɗi ce kawai, domin ba a gano inda ciwon yake ba. Hanyar ganowa kuwa tana farawa da tambaya guda: shin na'urar ta sami adireshi?

Kowace na'ura da ke magana a intanet tana bukatar lamba wadda ake kira adireshin IP. Tsarin da aka shimfiɗa a 1981, wato IPv4, ya ƙunshi lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255. Jimillar adireshin da za a iya samu daga wannan tsari ta kai kimanin biliyan 4.3, adadin da bai kai yawan mutanen duniya ba, balle na'urorinsu. A watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba rukunin ƙarshe da ke hannunta ga hukumomin nahiyoyi, waɗanda AFRINIC da ke tsibirin Moris take wakiltar Afirka a cikinsu. Saboda wannan ƙaranci, na'urar gida ba ta mallakar adireshi; haya take karɓa.

Yadda ake karɓar haya

Mai karatu zai tuna al'adar fatoma a Kano: fatake su iso daga nesa, ya ba kowa masauki na ɗan lokaci, idan baƙo ya tafi a ba wani ɗakin. Haka tsarin DHCP yake aiki, wanda aka fara bayyana ƙa'idojinsa a 1993. Sabuwar na'ura ba ta san kowa ba, don haka sai ta yi shela ga duk wanda ke kan layi: "Wa zai ba ni adireshi?" Mai rabo ya yi mata tayin wata lamba, ita kuma ta ce ta karɓa, sannan ya tabbatar mata, ya kuma faɗa mata wa'adi. Tare da adireshin akan sanar da ita ƙofar da za ta bi ta fita waje, da kuma na'urar DNS, mai fassara sunan shafi zuwa lamba. Idan rabin wa'adi ya shuɗe, sai ta nemi sabuntawa.

A Amurka da Turai, inda intanet kan shiga gidaje ta wayar talabijin, akwai modem na kebul, wanda ke bin ƙa'idar DOCSIS da aka fitar a 1997. Da an kunna shi, sai ya lalubo tashar da kamfani ke aiko da saƙo, ya daidaita ƙarfin muryarsa da lokacin maganarsa, ya karɓi adireshi ta DHCP, ya sauke umarnin da ke ƙayyade saurinsa. Bayan haka ne na'urar da aka jona masa take neman nata adireshin. Yana da wata ɗabi'a da ta wahalar da mutane da dama: yakan riƙe lambar shaidar na'urar farko da ya gani, wato lambar MAC, ya ƙi kula wata sai an kashe shi an sake kunnawa. Daga nan aka samo shawarar nan ta a fara kunna modem, a jira fitilunsa su tsaya, sannan a kunna rauta.

A Kano irin wannan modem ba shi ne ya yaɗu ba. Tun zuwan wayar GSM Nijeriya a 2001, hanyar iska ce ta fi saurin isa lungunanmu, kuma gidaje da yawa suna amfani da rauta mai ɗauke da layin waya. A nan kamfanin ne ke ba rauta adireshi a lokacin da ta haɗu da shi ta sunan mashiga da ake kira APN. Amma a cikin gida, ita rautar ce fatoma.

Zaure ɗaya, ɗakuna da yawa

Ashe ke nan adireshi biyu ne a kowane gida. Na waje kamar ƙofar zaure yake, shi kaɗai duniya ke gani. Na ciki, wanda galibi yakan fara da 192.168, kamar ɗakunan cikin gida ne. Maƙwabci ma yana iya samun lamba iri ɗaya ba tare da rikici ba. Alamar Wi-Fi da ke kan waya shaida ce kawai cewa ka iso zaure. Ba ta ce komai game da titi ba. Rashin fahimtar wannan, a ganina, shi ne tushen yawancin ruɗanin.

To, sai a bi sawu daga ciki zuwa waje. A kwamfuta mai Windows, a rubuta ipconfig a tagar umarni. A waya kuwa, a duba bayanan Wi-Fi. Idan kwamfuta ta nuna lamba mai farawa da 169.254, ta yi shela ba wanda ya amsa, shi ya sa ta laƙaba wa kanta lambar da ba ta fita ko'ina. Laifin yana tsakaninta da rauta, kuma sayen data ba zai magance shi ba. A nan ya kamata mazauna cikin birni su lura: katangar ƙasa mai kauri da ke sanyaya ɗaki ita ce kuma ke raunana Wi-Fi, har saƙon neman adireshi ya ɓace a hanya. A matso kusa da rauta, a sake gwadawa.

Idan an sami 192.168, cikin gida lafiya. Sai a rubuta ping 8.8.8.8, lambar wata na'urar Google. In amsa ta dawo amma shafuka sun ƙi buɗewa da sunansu, mai fassara ne ya gaza, wato DNS, kuma ana iya sauya shi. In ba amsa, a duba layi, da data, da APN, sannan a tuntuɓi kamfani.

Wani lokaci ɓarnar ta yi nisa da kowa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta, alhali rautocin gidaje suna nan da adireshinsu daram.

Malami na iya gwada wannan darasi a aji da rauta guda da wayoyi uku. A cire layin daga rauta, a kunna ta, ɗalibai su haɗu da ita, kowa ya karanto adireshinsa a rubuta a allo. Za su ga lambobi uku masu kama da juna, alamar Wi-Fi cike, amma ko shafi ɗaya ba zai buɗe ba sai an mayar da layin.