Mai Zuwa Nutso a Bahar Maliya, Kada Ya Bar Agogon Allura a Gida

Matafiyin da ya sauka Sharm el-Sheikh ko Hurgada a Masar da niyyar nutso, galibi silindar alminiyom mai lita 12 za a miƙa masa, cike da iska har matsinta ya kai bar 200. Jagorori kan ce kowa ya fito da bar 50 a ajiye. Shi ya sa idon mai nutso ba ya nisa da ma'aunin iskarsa.

A da, agogo mai allura da ke rataye a tiyo ne kaɗai ma'auni. Yanzu kamfanoni irin su Shearwater, Suunto da Garmin na ƙera 'yar na'urar aike da ake ɗaurawa a bakin regileta, wato abin da ke fito da iska daga silinda, tana tura adadin iska zuwa kwamfutar da ke wuyan hannu, ba waya. Abin na da daɗi ƙwarai, don har lissafa wa mutum mintunan da suka rage masa take yi gwargwadon numfashinsa.

Sai dai batir na mutuwa, saƙo kuma kan yanke, musamman idan jiki ya shiga tsakani ko fitilar kyamara ta walƙa kusa. A buɗaɗɗen ruwa wannan ƙaramar matsala ce. A cikin Thistlegorm kuwa, jirgin Ingila da Jamusawa suka nutsar a 1941, wanda ke kwance a zurfin kusan mita 30 da babura da motoci a cikinsa, magana ta girma. A wannan zurfin iska na ƙarewa ninki huɗu fiye da a saman ruwa, ga igiyar ruwa mai ƙarfi, ga duhun ɗakunan kaya. Allura ba ta neman batir.

Don haka a tafi da duka biyun, a gwada su tun a kan jirgin da zai kai mutum wurin nutso, a ga ko adadinsu ya zo kusa da juna. Batirin ajiya a sa shi a jakar hannu. Na'urar kuma gara a ɗora ta a kan gajeren tiyo, domin ma'aikacin jirgi cikin sauri na iya ɗaga silinda da ita ya karya ta.

Wanda ya yi kwanaki yana nutso, ya bari aƙalla awa 18 su wuce kafin ya hau jirgin sama.