Ƙwarnafi da Taurin Ciki Sun Ƙi Barina

Tambaya: Kullum ina fama da ƙwarnafi da taurin ciki, magani ya ƙi ci. — Wata uwa, Gwange, Maiduguri

Amsa: Hajiya, fara duba tukunyarki. Rage yaji, soye-soye da shayi mai kauri, kuma kada ki kwanta sai abincin dare ya yi awa 3 a ciki. Biskin gero da miyar kuɓewa ko zogale ya fi farar shinkafa da burodi saukar da bayan gida. Ki yawaita ruwa, zafin Maiduguri ba wasa ba. Amma in gyambon ciki ne ke jawo ƙwarnafin, abinci ba ya kashe ƙwayar cutarsa. In kina ramewa, ko bayan gida ya yi baƙi, garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a gwada ki.