Tsare Amalanke da Doki daga Ɓarawo

Jama'a, yau darasinmu a kan amalanke ne, da dabbar da ke jan ta.

A Ingila da Amurka masu dawaki suna da wani irin akwati babba mai tayoyi. Ana sa doki a ciki, a maƙala akwatin a bayan mota, a ja shi zuwa filin sukuwa. Ɓarayin can suna son wannan akwati ƙwarai, gama satarsa ba wuya. Ɓarawo ya zo da motarsa da dare, ya maƙala, ya wuce. Saboda haka masu shi sukan sa kwaɗo a bakin ƙarfen da ake maƙalawa, su ɗaure taya ɗaya da ƙarfe, su rubuta lambarsa su ajiye. Waɗansu har kan rufinsa suke rubuta shaida da manyan baƙaƙe.

Mu nan, in za a kai dawaki nesa, a babbar mota ake loda su. Abin da ya yi kama da wancan akwati a ƙauyukanmu shi ne amalanke. Ita ma tayoyi gare ta. Ita ma duk wanda ya ɗaura mata abin ja, sai ta bi shi. Ba ta san mai ita ba.

Ku dubi aikin da take yi mana a ƙasar Dutse, da Kiyawa, da Jahun, da Birnin Kudu. Da rani ita ke kai taki gona, ita ke ɗebo ƙasar gini da ruwa. Da kaka ita ke kawo gero da dawa da gyaɗa da riɗi gida. Ran Litinin ita ke kai buhuna kasuwar Shuwarin. Yawanci shanun huɗa biyu ke jan ta, a waɗansu wurare kuwa jaki ko doki. Manomi yakan yi shekaru yana tari kafin ya mallake ta. In an sace ta cikin kaka, amfaninsa na zube a gona, sai ya koma biyan kuɗin haya, alhali jiya shi ake biya.

To, yaya ɓarawo ke satar abu mai nauyi haka? Ba ya iya ɗaukarta a ka. Ko dai ya zo da abokansa su tura ta a hankali har bayan gari, inda suka ɓoye shanu, ko kuwa ya kwance naka shanun ya ɗaura musu taka karkiya, ya tafi da duka. Wani kuma bai damu da amalanken ba, tayoyin yake so. Kun san tayoyin mota ne ake sa mata. Sifana ɗaya ta ishe shi. Da safe ka tarar da ita zaune bisa duwatsu.

Ɓarawo yana tsoron abu biyu, watau jinkiri da ƙara. Duk dabarar da za ta ɓata masa lokaci, ko ta ta da mutane daga barci, ita ce dabararka.

Kada ka bar amalanke a gona ta kwana, ko da ka gaji. Kada ka bar ta a bakin hanya don wai gobe da asuba za ka fita. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shigo da ita cikin gida in da hali. In ƙofar ba ta isa ba, ajiye ta jikin zaure ko kusa da ɗakin da ake kwana. Juya doguwar sandarta ta dubi bango, yadda ba a iya ɗaura mata dabba sai an juyo da ita tukuna.

Sa'an nan ka sayi sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau. Zura sarƙar ta cikin hujin ƙarfen taya, ka zagayo da ita jikin amalanken, ka ɗaure a gindin itace ko turke mai zurfi. Lura da wannan: kada kwaɗon ya kwanta a ƙasa. In yana ƙasa, ɓarawo ya sa dutse ƙarƙashinsa ya buge shi da guduma. In yana rataye, dukan ba ya ci. Kwaɗon araha kuwa ɓarnar kuɗi ne, yaro ma ya buɗe shi da ƙusa.

Karkiya da igiyoyi su kwana a ɗaki. In za ka daɗe ba ka yi aiki da amalanken ba, cire taya ɗaya ka shigar cikin gida. Waɗansu sukan sa mai walda ya ɗige noti ɗaya a kowace taya don kada sifana ta kwance shi. Dabara ce mai kyau, amma tana da wahala tata: ran da taya ta yi faci a daji, kai ma ba ka iya cire ta. Kowa ya auna ya gani.

Dabba kuwa kada turkenta ya zama kusa da amalanke. In suna wuri ɗaya, ka haɗa wa ɓarawo kaya. Doki ya kwana cikin gida da dabaibayi, sirdi da linzami da likkafa suna ɗaki, balle gab da Salla, lokacin da kowa ke neman kayan hawa. Kare yana da amfani. Wanda ba ya son kare ya rataya ƙararrawa, ko gwangwani da tsakuwa a ciki, a ƙarƙashin amalanken inda ba a gani.

Duk wannan tsaron dare ne. Amma akwai abin da ya fi sarƙa, kuma mutane da yawa ba su kula da shi ba.

Ku tafi kasuwar Shuwarin ku dubi inda ake ajiye amalanke. Kusan duk kamarsu ɗaya. A ce an sace taka, bayan wata biyu ka gan ta hannun wani a wani gari, an shafe ta da sabon fenti. Ka ce taka ce. Shi ma ya ce tasa ce, saye ya yi. Aka kai ku gaban dagaci. Dagaci ya ce, mece ce shaidarka? Ka ce ai ka san kayanka. To, wannan ba shaida ba ce. Alƙali ma ba zai karɓe ta ba.

Saboda haka, tun ran da ka sayi amalanke, ka sa mai walda ya rubuta sunanka da sunan ƙauyenku a jikin ƙarfenta da wutar walda. Fenti ana shafe shi cikin sa'a ɗaya. Rubutun walda kuwa sai an goge shi da inji, kuma wurin yakan bar tabo. A yi rubutu biyu. Ɗaya a fili, inda kowa zai gani, don ɓarawo ya gani ya haƙura. Ɗaya a ɓoye, can ƙarƙashi, inda kai da mai walda kaɗai kuka sani. Ka tsaya a kansa yana rubutawa, ka karanta da kanka, kada a rubuta maka sunan da ba naka ba.

Ka kuma karɓi takardar ciniki. A rubuta ranar da wata da shekara, da sunan mai sayarwa, da naka, da kuɗin da ka biya, da sunayen shaidu biyu. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Nannaɗe ta cikin leda saboda gara da ruwa, ka sa a akwati. In akwai mai waya mai ɗaukar hoto a gidanku, a ɗauke ka tsaye jikin amalanken.

Haka za ka yi wa dabba. Buɗe littafinka ka rubuta kamanninta. In doki ne, kili ne, ko akawal, ko bikili, ko hurde? Yana da fari a goshi? Wace ƙafa ce mai fari, ta dama ko ta hagu, ta gaba ko ta baya? Ina yake da tabo? In sa ne, rubuta launinsa, da yadda ƙahoninsa suka tsaya, da tsagar kunne in akwai. Wanda ya tashi cikin firgita yakan manta abin da yake gani kullum. Takarda ba ta firgita.

Ran kasuwa kada ka bar wa ƙaramin yaro tsaron amalanke shi kaɗai. In baƙo ya zo neman haya zuwa wani wuri mai nisa, tambayi wanda ya san shi a garin. In ba wanda ya san shi, kada ka tura yaro, ko da kuɗin ya yi daɗi.

To, in ƙaddara ta faɗa, ka tashi ba ka ga amalanke ba, me za ka yi? Da fari hana mutane tattake wurin. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ba ya ɓoye sawu. Sawun taya da na kofato suna nan har iska ta taso ko garke ya bi ta kai. A bi sawu tun da sassafe, a ga inda ya nufa kafin ya hau kwalta. Aika wa mai unguwa nan da nan, shi zai sanar da dagaci. Ka tafi ofishin 'yan sanda da takardarka a hannu.

Sa'an nan ka tuna da ranakun kasuwa. Gujungu na ci ran Lahadi, Shuwarin Litinin, Maigatari Alhamis, Wudil ta Jihar Kano kuwa Jumma'a. Ɓarawo ba ya son dabba ta daɗe a hannunsa. A buga waya ga dillalai da shugabannin kara na kasuwar da za ta ci nan gaba, a karanta musu kamannin dabbar daga littafinka. A gaya wa masu walda da masu faci na garuruwan kusa, gama wurinsu za a kai amalanke a sāke mata kama. Ana kuma iya ba da cigiya a gidan rediyo a Dutse.

In an kama ɓarawo, a miƙa shi ga hukuma. Kada a taru a yi ta dukansa. Sau da yawa wanda aka samu da kayan ba shi ya sata ba, saya ya yi. Wannan kuma gargaɗi ne a gare ku: in an kawo muku amalanke da araha ƙwarai, ba takarda, ba shaida, da tabon guga a jikin ƙarfenta, ku bar ta. Wanda ya sayi kayan sata yana sane, doka na kama shi, kuɗinsa kuma sun tafi.

Aikin gida: kowa ya rubuta kamannin amalankensa, ko dokinsa, ko sansa, ko jakinsa, cikin layi biyar. Wanda ba shi da ko ɗaya ya rubuta na maƙwabcinsa. Ran karatu mai zuwa kowa zai karanta nasa, mu ga ko 'yan aji za su gane dabbar.