Amsoshin Tambayoyinku: Bayan Takardar Shaida, Me Ake Dubawa?

Wata mai sauraro daga Funtuwa ta aiko da tambaya: ban da takardar shaida, me masu ɗaukar ma'aikata ke nema?

Hali suke dubawa. A shekarar 2008 kamfanin Google ya fara binciken abin da ke bambanta shugabannin sassa nagari da sauran. Halaye 8 suka fito. Iya horar da na ƙasa ne ya zo na farko, sauraro da iya magana suna cikinsu, ƙwarewar fasaha kuwa ita ce ta ƙarshe, a kamfanin da injiniyoyi suka kafa!

Attajiran kasuwar Kantin Kwari sun daɗe da sanin haka, don kafin a miƙa wa yaron shago makulli sai an gwada amanarsa da haƙurinsa da masu ciniki.

A wajen ganawar neman aiki ma, ana lura da zuwa kan lokaci da barin mai tambaya ya kai aya. Idan aka ce "faɗi wata matsala da kika warware", a kawo labari na gaske: abin da ya faru, matakin da aka ɗauka, da yadda ta kaya.