Jiƙo Ba Ya Soke Ƙwayar Asibiti

Kowace shekara ran 14 ga Nuwamba ma'aikatan lafiya na duniya kan ja kunnen jama'a a kan ciwon suga. A Damana da ƙauyukan Tondikandiya, har zuwa Filinge da ƙasar Kurfai, abin da ya fi ci wa majo tuwo a ƙwarya ɗaya ne: mutum ya karɓi ƙwaya, ya sha wata biyu, sai ya jefar ya koma ga jiƙo.

Ba mu raina itace ba. Allah ne ya halicci zogale da hulba da garahuni da ɓawon danya, kuma masana sun ga alamar wasunsu na ɗan rage suga a jini. Ita kanta metformin da ake ba ku, asalinta daga wata ciyawar Turai aka samo hanyarta, wani likita a Faransa, Jean Sterne, ya gwada ta ga masu suga a 1957. Amma ita an auna ta, an san nauyin kowace ƙwaya. Jarkar da mai lasifika ke tallatawa ran Lahadi a kasuwar Baleyara fa, wa ya auna ta? Yana rantsuwa cewa tana kashe suga har saiwa. Ƙarya yake. Wannan ciwo ana lallaɓa shi ne, tsawon rai.

Ku dubi yadda gara ke yi wa rumbu. Daga waje yaɓen na nan lafiya lau, jinka ba ta motsa ba, maigida na wucewa yana murna da geronsa, alhali ta cinye ƙafafun itacen daga ciki, sai iskar farkon damina ta zo rumbun ya durƙushe. Haka suga ke cin jijiyoyin ƙafa da ido da ƙoda. Mutum ya ce, "Ai fitsarin dare ya ragu, na warke." Ƙaya ta soke shi a gona bai ji ba, domin tafin ya mutu. Ya barbaɗa gari, ya ɗaure da tsumma, sai wari ya fallasa shi. Daga nan sai Yamai, inda sau da yawa yanka ne kaɗai ya rage. Haba jama'a! Jiki amanar Allah ne, kuma ɗan da ya ga mahaifinsa ya daina shan magani ya yi shiru, yana da nasa alhaki.

Awon jini ne ke faɗin gaskiya. A je da safe kafin a karya. Daga 1,26 g/l zuwa sama, in an maimaita, suga ne. Mai shan jiƙo ya gaya wa majo, domin haɗa shi da ƙwayar glibenclamide ko allurar insulin na iya kayar da suga ƙasa: gumi, makyarkyata, har suma. In haka ta faru, a ba shi ruwan sukari maza muddin yana iya haɗiya. A rage sukarin shayi da na fura, a sa takalmi, a duba tsakanin yatsu kowane dare.