Kafin a Sake Taɓa Wuyanki

'Yata, saƙonki ya iso ta bakin mahaifiyarki, kuma na gane abin da ya hana ki kira ni da kanki. Wata huɗu ke nan da aka yi miki aikin maƙoƙo, murya ba ta dawo ba. Kin daina shiga aji, ko sallama aka yi a ƙofar gida sai ki tura yaro ya amsa. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, don na san yadda kike son koyarwa.

Abin da ya same ki ba jifa ba ne, ba sammu ba ne. A cikin maƙogwaro akwai tantani biyu, sukan buɗe idan za a shaƙi iska, su haɗe idan za a yi magana ko haɗiya. Jijiyar da ke motsa su ta bayan maƙoƙon take bi, kusan manne da shi, shi ya sa aikin wuya kan taɓa ta komai ƙwarewar likita. Da gefe ɗaya ya tsaya, sai iska ta riƙa zurarewa ta tsakani. Abin da ya sa numfashinki ke ƙarewa kafin ki kai ƙarshen zance ke nan, kuma shi ke sa ki sarƙe da ruwa.

Na ji an ce kina so a yi tiyata gobe-gobe. Ki ɗan dakata. Jijiyar da ta bugu ba ta tsinke ba takan farfaɗo da kanta, don haka likitoci kan jira wata 6 zuwa 12 kafin su yi aikin dindindin. Amma jira ba zaman ɗaki ba ne. Ki je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya zura siririyar kyamara ta hanci ya ga tantanin da idonsa. Akwai wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ki nemi a haɗa ki da mai horar da murya. Idan sarƙewar ta yi yawa, akwai allurar da ake yi wa tantanin da ya tsaya, ta kumbura shi ya matso kusa da ɗan'uwansa. Takan yi watanni tana aiki, ta riƙe ki har a ga abin da jijiyar za ta yi.

In shekara ta zagayo babu canji, to a nan ne maganar tiyata take da wurin zama, kuma ba zan hana ki ba. Aikin da aka fi yi, wani likitan Japan mai suna Isshiki ne ya fito da shi a 1974. Akan buɗe 'yar ƙofa a guringuntsin maƙogwaro, a sa wani ɗan ƙaramin abu na roba ya tokare tantanin zuwa tsakiya. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yawanci ba a sa mutum barci. Ana kashe zafin wurin ne, likita ya ce yi magana, yana saurare yana gyarawa har muryar ta zauna. Sai dai ki sani, tantanin ba zai koma motsi ba. Murya za ta yi ƙarfi, haɗiya ta yi sauƙi, amma wataƙila ba za ta zama sak irin ta da ba. Ki tambayi likitan sau nawa ya yi wannan aiki, da abin da zai iya biyo baya. Babu rashin kunya a tambayar. Sannan ki yi istihara, ki shawarci maigidanki.

Akwai abubuwan da ba sa jira. Idan numfashi ya fara yi miki wuya, ko kika ji ƙara kamar fito lokacin shaƙar iska, ko tari da zazzaɓi suka biyo bayan sarƙewa, a kai ki asibiti a ranar. Kuma don Allah kada ki bari a kai ki wurin wanzami a ce beli ne. Belinki ba shi da laifi.

Yayin da kike jiran jijiyar ta farfaɗo, ki riƙa shan ruwa kurɓi-kurɓi kina zaune sosai. Kunu mai kauri ya fi ruwa zalla sauƙin wucewa. Ki rage yawan gyaran murya, ki bar raɗa, don ita ma tana gajiyar da maƙogwaro. Ki rufe hanci da baki idan ƙurar hunturu ta taso. Ki sayi 'yar lasifikar nan ta ratayawa, ki roƙi shugabar makaranta ta rage miki darussa, ki koma wa ɗalibanki.

Ranar Juma'a bayan la'asar ki kira ni, 'yata. Ko da muryar ba ta fita sosai, zan kasa kunne. Allah ya ba ki lafiya.